Sana'ar dukanci a Kurfai: me ya kamata baduku ya shimfiɗa ranar Lahadi?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Filinge ranar Lahadi ya san cewa kara ita ce uwar kasuwa. Shanun Azawak, raƙuma, tumaki da awaki, ga Filani, ga Buzaye, ga Zabarmawa da Kurfayawa, ana ta ciniki har la'asar, sannan motoci su kwashi dabbobi su nufi Yamai, tafiyar kilomita wajen 180 ta hanyar Baleyara. Arewa kaɗan da garin kuma ga tashar kiwo ta Tukunus, wadda aka kafa tun zamanin Turawa domin inganta irin shanun Azawak. To amma, ya mai karatu, dubi ƙafar mai sayar da san nan: takalmin roba ne, na Sin ko na Najeriya. Fatun kuwa a bushe ake ɗaure su, da yawansu su ƙetare iyaka, ribar jima da ta ɗinki wasu su ci.

In ka tambayi dalili, za a ce maka roba ce ta kashe kasuwa, ko rashin jari, ko rashin tsaro da ya addabi jahar Tilaberi. Duka gaskiya ne. Sai dai akwai abu guda da ke hannun baduku shi kaɗai, wato zaɓen abin da zai shimfiɗa bisa tabarmarsa. Sau da yawa abin da ake gani shi ne ɗan wannan da ɗan wancan: layu huɗu, kube biyu, alabe ɗaya, takalma uku waɗanda babu mai kama da ɗan'uwansa. Aikin na iya yin kyau ƙwarai. Amma a ce wani ɗan kasuwa daga Yamai ya ɗauki ɗaya ya ce: ina son hamsin irin wannan sak, nan da sati biyu. Nan take ciniki zai mutu, domin kuwa babu awo, babu fata iri ɗaya a ajiye, ba a kuma san nawa aikin yake ci ba.

Ba ƙwarewa ce ta yi mana ƙaranci ba. Jar fatar akuya ta ƙasar Hausa ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Darajar wannan fata na cikin dalilan da suka sa aka buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi bayan samun ƴancin kai. A Yamai kuma, masu sana'ar hannu na gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, da na ƙauyen sana'o'i na Wadata, wanda ƙasar Luksambur ta tallafa wa, sun koyi abin da ake kira «gamme» da Faransanci, wato jerin kaya ƴan ƙalilan, masu dangantaka da juna, waɗanda ake iya maimaitawa ba tare da sun sauya ba. Illa dai yawancin wannan jeri domin baƙi aka tsara shi: masu yawon buɗe ido da ma'aikatan proje. Tun harin Kure na watan Agustan 2020, da kuma sauyin mulki na Yulin 2023, waɗannan baƙi sun ragu sosai. Saboda haka badukun Kurfai ya ɗauki dabarar, amma kada ya kwaikwayi kayan.

Masu sayensa suna nan kusa da shi. Akwai mushen lakwal da ke ɗaukar takardu a leda, da ma'aikacin gidan likita, da ɗan kasuwa mai neman inda zai adana kuɗi da salula, da makiyayi wanda ƙaya ke huda masa roba, da uwar amarya mai haɗa kayan ɗaki. Kowanensu da lokacinsa: komawa lakwal a watan Oktoba, bukukuwan aure bayan kaka, sallah ƙarama da babba, sai ƙarshen wata in albashi ya sauka.

A ganinmu, ƙaramin mai sana'a ba ya bukatar fiye da kaya uku ko huɗu, kuma fatar ce da kanta za ta nuna masa su. Gadon bayan fatar akuya shi ne mai ƙarfi da laushi daidai. Nan za a fitar da abin da zai ɗauki sunan mai shi, misali jakar takardu. Ita ba kullum ake sayenta ba, amma duk biron da ta shiga sai an tambayi wa ya ɗinka. Gefen ciki sirara ne, yana miƙewa, bai dace da fuskar jaka ba. A bar shi domin shafi da aljihun alabe. Ƙirgin sa kuwa na tafin takalmi ne, kuma takalmi shi ne tuwon yau da gobe. Guntayen da suka saura, waɗanda ake sharewa da yamma, su ne kuben salula da maɗaurin makulli, abin da yaron shago zai koyi hannu da shi ya kuma samu na goro. Ta haka fata ɗaya ta ba da kaya mai tsada, da matsakaici, da mai araha, kuma wanda ya shigo domin ƙaramin ya ga babban.

Daga nan sai horo. A yanka awon kowane kaya a kwali mai kauri, a rubuta masa suna, a rataye. Takalmi ya bi lambar da kowa ya sani, 39 zuwa 45 ga maza, yadda za a iya yin saƙonsa ta waya ba sai an kawo ƙafa ba. Launi ya tsaya biyu ko uku: ja na karan dafi, baƙi na kuloko, da launin fatar kanta. Abu biyu ne ke zubar da mutuncin aikin gida, kuma kowa ya san su. Na farko wari, wanda ke zuwa in an gaggauta jima, fata ba ta sha bagaruwa ta ƙoshi ba, ko man da aka shafa mata ya lalace. Gara baduku ya riƙe majemi ɗaya amintacce ko da ya fi tsada. Na biyu zip mai araha, wanda ke mutuwa cikin wata biyu ya bar jakar da za ta yi shekara goma. In ba a samu mai kyau ba, maɓallin fata irin na gafakar kakanninmu ya fi shi.

Sai batun kuɗi, inda da yawa ke aiki domin wasu ba su sani ba. Mu ɗauki misali kawai: a ce fata da zare da ƙarfe sun ci jikka 4, ɗinki ya ci kwana 3, aka sallama jikka 6. Ladan baduku bai kai tamma 700 a yini ba, ban da abincin yaro da kuɗin rumfa. Wanda bai rubuta wannan lissafi a ɗan littafi ba, ba zai taɓa sanin wane kaya ke ciyar da shi ba, wane ne kuma ke cin sa. A nan ku ma, masu karatu, kuna da hannu. Ma'aikacin da zai biya jakar kanti lakadan, amma ya karɓi ta baduku sai ƙarshen wata, watan ya zama uku, jarin fata guda ya tafi da shi. Ɗan kasuwar da ke son hamsin kuwa, ya ba da kafin alƙalami, a yanke rana, a ajiye samfuri ɗaya a hannun kowa domin raba gardama.

Dabarar ba ta dukawa kaɗai ba ce. Matan Dallol Boso masu saƙar kaba, in suka tsayar da awon tabarma da faifai, baduku ya yi musu baki da jar fata, kaya ne da za a iya kaiwa bajekolin mata na SAFEM a Yamai, ko SIAO na Wagadugu da ake yi tun 1988, muddin dai ba a ƙare goruba da yankan wuce gona da iri ba.

Jerin kaya kuwa ba ya tsayuwa sai da fata iri ɗaya a ajiye, kuma lokacin tara ta sananne ne. Ranar layya fatu sun fi kowace rana yawa da araha, a ranar ce kuma wuƙar masu gaggawa ke huda su, wasu a yar a rana su ruɓe. Badukun da ya zaga gidaje da mahauta tun ana sauran sati, ya roƙi a feɗe a hankali, ya tanadi buhun gishiri da inuwar shanya, zai iya tara fatar da zai ɗinka har watan Oktoba.