Kujerar Sanatan Kano ta Kudu: Ware Tsaki da Tsakuwa a Zancen 'Yan Takara

Tun ba a kaɗa gangar zaɓe ba, majalisun hira daga Kwanar Dangora zuwa Riruwai sun gama raba kujerar sanata. Wannan ya ce ta ɗan Kiru ce, wancan ya rantse cewa Tudun Wada za ta koma. Cikin zantukan akwai gaskiya, akwai kuma abin da ba shi da tushe, kuma ba daidai ba ne a bar mai ƙuri'a ya yanke shawara a kan jita-jita.

Ana cewa wai farin jinin mutum a birnin Kano zai iya ba shi kujerar. Ba haka ba ne. Sanatoci uku kowace jiha take da su, kowanne da mazaɓarsa. Kano ta Kudu ƙananan hukumomi 16 ce cikin 44, kuma ƙuri'ar mutumin Fagge ko Dala ba ta shiga lissafinta. Maganar samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi ma sharaɗin gwamna ne. Sanata rinjayen ƙuri'a kawai yake buƙata.

Zancen da ya fi yawo a yankinmu shi ne, duk wanda ya riƙe Kiru da Bebeji, ko Tudun Wada da Doguwa, ya gama. Gaskiya ne yankunan biyu sun fitar da 'yan majalisar wakilai masu nauyi. Alhassan Ado Doguwa ya shugabanci masu rinjaye daga 2019 zuwa 2023, Abdulmumin Jibrin Kofa kuwa ya taɓa riƙe kwamitin kasafin kuɗi. Amma ko an haɗa ƙananan hukumomin huɗu, rubu'in mazaɓar ne kawai. Saura Rano da Kibiya da Bunkure, saura Wudil da Garko, saura Gaya da Ajingi da Albasu, ga Sumaila da Takai, ga Karaye da Rogo. Wanda sunansa ya cika kasuwar Tudun Wada, sai ya je ya gabatar da kansa a Ajingi. Kuma gidan ma ba a kwance yake ba: Kofa ya sha kaye a hannun Ali Datti Yako na PDP a zaɓen da kotu ta sa aka sake a Janairun 2020, Doguwa kuma sai da aka je zaɓen cike gurbi a Afrilun 2023 kafin ya tsira da kujerarsa. Abin da masu liƙa fasta ba sa faɗa shi ne, doka ba ta yarda mutum ya tsaya takarar kujera biyu a zaɓe ɗaya ba. Ɗan majalisar wakilan da ya karɓi tikitin sanata ya saki na hannu ke nan, in ya faɗi ya tashi a tutar babu. Saboda haka ganin hoton mutum a jikin bango ba ya nufin ya fito.

To batun "lokacinmu ne" fa? Koken yana da hujja, kuma ina ganin bai kamata a raina shi ba. Mas'ud El-Jibrin Doguwa ya riƙe kujerar daga 1999 zuwa 2003, amma tun 2007 tana gabashin mazaɓar: Kabiru Gaya shekara 16, sannan Kawu Sumaila. Sai dai babu karɓa-karɓa a tsarin mulki ko a dokar zaɓe. Yarjejeniya ce ta 'yan jam'iyya, in sun ga dama su mutunta, in sun ga dama su take. Wanda yake son kujerar ta dawo wannan ɓangare, zama da shugabannin jam'iyya na sauran ƙananan hukumomi 12 ne aikinsa.

Masu cewa sanata zango biyu kawai yake yi, ba su duba Gaya ba, wanda ya yi huɗu. Masu cewa ba a kayar da mai ci su ma shi za su duba: tsohon gwamna ne, amma a 2023 Kawu ya samu ƙuri'u sama da dubu 300, shi kuwa bai kai dubu 200 ba.

Nan ne kuma wata jita-jitar take shigowa, cewa waɗannan ƙuri'u duka na Kawu ne, suna aljihunsa duk inda ya tafi. Rabin gaskiya ce. Kawu yana da jama'arsa, ya wakilci Sumaila da Takai daga 2003 zuwa 2015. Amma an yi zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, rana ɗaya da na shugaban ƙasa, lokacin da Kwankwaso ya lashe Kano, mutane da yawa kuma suka yi sak a kan kwandon kayan marmari, alamar jam'iyyar da Kwankwaso da Kawu suka tsaya a cikinta. A 2025 Kawu ya koma APC, Kofa ma daga baya ya bi sahu. Ba wanda ya isa ya faɗa maka nawa ne suka zaɓi mutum, nawa suka zaɓi jar hular Kwankwaso, sai an buɗe akwati. Wannan sauyin sheƙar ya kuma tara manyan yankin a inuwa ɗaya, tikitin kuwa ɗaya ne, don haka fafatawar farko a zaɓen fidda gwani take.

Ɗan takarar indifenda babu shi a dokarmu, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum, kuma sai ya kai shekara 35. Idan aka ce maka wane ya gama cin zaɓe, tambayi jam'iyyar da ta ba shi tikiti, ka kuma jira jerin sunayen da hukumar INEC za ta fitar.