Jirgin da ba ya ɗaukar fasinja

Duk wanda ya bi ta bayan wokshop a samistar nan ya ga wani dogon tebur a ƙarƙashin rumfa, da ɗan ƙaramin layin dogo shimfiɗe a kai, da wasu taragwai masu ruwan ɗorawa. Nawa ne, shi ne furojet ɗina na kammala difloma. Na sha jin masu wucewa suna cewa, "Ka ga ƙato da gemu yana motar langa-langa." Ban ji haushi ba, don da motar langa-langar na fara. Amma tunda edita ya ba ni fili, bari in yi bayanin abin da ke kan teburin nan, da dalilin da ya sa a duk taragwan babu na fasinja ko ɗaya.

Ni ɗan Gagarawa Tasha ne, kuma sunan garin ma ya gaya maka komai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa gabas, ya bi ta Ringim da Taura, ya ratsa ta wajenmu, ya wuce Malam Madori da Birniwa, ya dire a Nguru a 1930. Gyaɗa da fatu da ƙaro aka yi shi don su. Kafin in yi wayo jirgin ya zama sai jefi-jefi, mu dai abin da muka sani shi ne tafiya a kan ƙarfen da hannuwa a buɗe, a ga wa zai fara faɗowa. Kakana na wajen uwa lebura ne na reluwe a ƙuruciyarsa, cikin masu gyaran layi. Idan ya tashi ba da labari ba ya kula jirgin fasinja sam. Zancensa kullum turoli ne, wato 'yar kurar nan mai ƙafa huɗu da ake turawa a kan dogo, helma na zaune a kai da jar tuta, da taragon tsakuwa, da sandar awon da ake ɗorawa tsakanin ƙarafa biyu.

To su ne ake nufi da jiragen aiki. Kowace hukumar jirgin ƙasa tana da wasu taragwai da ba sa kawo mata ko sisi, aikinsu hidimar layin da kansa: mai zuba tsakuwa, mai ɗauko sabbin ƙarafa da katakan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsu, mai ƙugiya da ke ɗaga taragon da ya goce, da wanda ma'aikata ke kwana a ciki idan aiki ya kai su daji. Babbansu shi ne jirgin awo. Shi yana bin layi ne yana duba lafiyarsa: faɗin da ke tsakanin ƙarafan, ko ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko layin ya murɗe, ko akwai tsaguwa a cikin ƙarfe wadda ido ba ya gani, sai an aika sauti ya shiga ya dawo. A Ingila akwai irinsa mai ruwan ɗorawa da suke wa laƙabi da ayaba mai tashi. A Japan kuwa nasu suna ce masa Doctor Yellow, likitan layi ke nan, har mutane na ɗaukar ganinsa a matsayin sa'a.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yawancin irin waɗannan taragwai tsofaffin taragwan fasinja ne ko na kaya da aka yi wa kwaskwarima. A cire kujeru, a toshe wasu tagogi da falle, a huda ƙasa a sa na'ura, a ɗora janareta, a shafa fenti. Ita ma ayabar ta Ingila daga tsohon jirgin fasinja mai gudu aka yi ta. Shi ya sa masu sha'awar ƙera ƙananan jirage a can suke son irin wannan, don da wuya ka samu biyu iri ɗaya, kuma ba duka ake sayarwa a shago ba. Dole ka sayi na fasinja ka yanka, ka cike, ka goge, kamar yadda hukumar ta yi wa na gaske. Mu nan da babu shagon ma gaba ɗaya, sai na ga ai an zo gidanmu. Wanda ya taso yana mai da gwangwanin madara tayar mota, wa zai koya masa kwaskwarima?

Sai dai akwai inda motar langa-langa ta rabu da abin da ke kan teburina, wato sikeli. Motar yara a ido ake yinta, in ta yi kama da mota shi ke nan. A nan kuwa lamba ɗaya za ka zaɓa ka raba komai da ita, tun daga tsawon tarago har kaurin taya. Sikelin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne 1 cikin 87, da layi mai faɗin milimita 16.5. Ɗauki kalkuleta ka raba 1,435 da 87, abin da za ka samu ke nan, domin 1,435 shi ne faɗin layin da yawancin Turai da Amurka ke amfani da shi, kuma irinsa ne na Abuja zuwa Kaduna. Layin Gagarawa ba haka yake ba. Faɗinsa milimita 1,067 ne, ƙafa uku da rabi, irin na Afirka ta Kudu da yawancin layukan Japan. Ka ga ko da na samu kuɗin yin odar na kanti, in na ɗora taragon Nguru a kai ƙarya na shirga. Na zaɓi 1 cikin 24, layina ya tashi milimita 44.5. Dalilina ba wani na ilimi ba ne, hannuna da kayan aikinmu ba za su iya abin da ya fi haka ƙanƙanta ba.

Lambar nan 24 ita ta hana ni barci. Kuskuren milimita ɗaya a tebur, milimita 24 ne a layin gaske, kusan inci guda. Nauyi kuma da 24 sau uku ake raba shi, wato 13,824, saboda tsawo da faɗi da tudu duk sun ragu tare. Tarago mai tan 14 ya kamata ya dawo wajen kilo ɗaya. Na farkon da na yi da falle bai kai rabin haka ba, iska kaɗan sai ya yi rawa. Sai da na jera masa noti da guntayen ƙarfe a ƙasa, can kusa da tayu, sannan ya natsu.

Kayan aiki ba su da wani tarihi. Ƙarafan layin ragowar alminiyon masu haɗa tagogi ne, katakan ƙasa daga sharar kafinta, injin da ke jan jirgin na tsohuwar firinta ne da na samo a Sabon Gari a Kano, tsakuwar kuwa tankaɗe ta na yi da rariyar gidanmu, abin da har yau ba a yafe mini ba.

Taya ce ta ci mini lokaci, kuma ita ce nake so 'yan ajinmu na kanikanci su tsaya su duba. Tambaya: jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, tayoyinsa biyu a manne suke da gatari ɗaya suna juyawa tare, to ta yaya yake shan kwana? A kwana dole tayar waje ta yi tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Da ni ma na ɗauka leɓen nan da ke jikin taya shi ke tare ta. Ashe fuskar tayar ba a miƙe take ba, an ɗan zuge ta kamar bokiti, ta ciki ta fi kauri, ta waje ta fi siranta, gangaren kamar 1 cikin 20. Idan jirgi ya shiga kwana sai gatarin ya ɗan gusa waje, tayar waje ta hau kan wurinta mai kauri, ta ciki ta koma kan siririn wuri. Juyi ɗaya suke yi amma ɗaya ta fi ɗaya cin ƙasa, jirgi ya karkata da kansa. Leɓen mai gadi ne kawai, sai abu ya ɓaci yake aiki. Tayoyina na farko miƙaƙƙu na feƙe su, suna shiga kwana sai ƙara kamar ana yanka akuya. Na koma kan inji na feƙe wasu guda goma sha shida da gangaren, ƙarar ta ɗauke ɗif.

Saura mako uku a yi difens, malamin da ke duba aikina ya zo gani. Na kunna, jirgi ya tashi lafiya, ya zo kwana ta biyu, taragon tsakuwa ya sauka daga layi ya kife. Na mayar, ya sake kifewa a daidai wurin. Malam ya ce, "Me ya kayar da shi?" Na ce, "Malam, ina jin tayar ce." Ya ce, "Kana ji, ko ka auna?" Na yi shiru. Ya ce in ban kawo masa dalili da lamba ba ranar Litinin, ba zai sa hannu ba, in tafi in shirya dawowa baɗi. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Gidanmu riɗi aka sayar aka biya mini kuɗin shekarar nan, ban san da bakin da zan ce a sake ba.

Na duba layin da ido ya fi sau ashirin, lafiya lau. Na sa rula, faɗi daidai. A daren ne na tuna cewa ni da nake ƙera jirgin awo na ado, ban taɓa tunanin in sa shi ya yi awon ba. Washegari na ɗauki wani tarago na cire masa jiki, na sa masa gindi na farar roba mai nuna ciki, irin ta murfin akwatin nuni, yadda zan riƙa ganin tayu huɗun daga sama. A kai na ɗaura ƙaramin ma'aunin ruwa irin na magina, a gicciye. Na riƙa tura shi a hankali da yatsa. Da ya zo wurin, kumfar ta gudu hagu, ta dawo ta gudu dama cikin tafiyar da ba ta kai tsawon taragon ba, kuma da idona na ga taya ɗaya ta tashi sama tana lilo. Layin a murɗe yake. Katakon teburin ya ɗan bankare, ƙarfen waje ya nutse da milimita biyu. Ka san tebur mai ƙafa huɗu a ƙasa marar daidai, dole ƙafa ɗaya ta rataya. Haka tarago yake, kuma tayar da ta rataya a kwana leɓenta hawa kan ƙarfe yake yi ya tsallake. Milimita biyu sau 24, kusan santimita biyar ke nan a layin gaske, a tazara gajeriya.

Gyaran abin dariya ne: tsofaffin katin waya na cusa a ƙarƙashin katakai biyar har kumfar ta zauna tsakiya. Sannan na sassauta gatari ɗaya na kowane tarago yadda zai iya ɗan lilo ya bi ƙasa. Ranar Litinin na kai wa Malam takarda da awon kowane santimita goma na layin, kafin gyara da bayan gyara. Ya karanta, ya sa jirgin ya zaga sau goma, ya sa hannu bai ce komai ba.

Da na je gida na nuna wa Kaka bidiyon a waya. Ya kalla ya ce, "Kai ɗan nema, wannan ai aikinmu ne ka sata. Katin naka shi ne tsakuwar da muke dannawa da diga." Ya ce helmansu kwanciya yake yi ya ɗora kunci a kan ƙarfe ya hango inda ya nutse, ya ɗaga hannu, su kuma su cusa tsakuwa har ya sauke. Sai ya tambaye ni ko na bar wa ƙarfen wurin numfashi. Ban gane ba sai da ya ce a duk mahaɗar ƙarfe biyu suna barin ɗan giɓi saboda rana. Lissafin yana cikin littafinmu na shekarar farko: ƙarfe mai mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara tsawo wajen milimita huɗu. Alminiyon kuwa ninki biyu yake yi. Na yi dariya na ce tebur ne fa, Kaka. Bayan kwana huɗu aka janye rumfar don wani taro, teburin ya wuni a rana, na dawo na tarar layin ya yi lanƙwasa kamar maciji. Yanzu kowace mahaɗa tana da giɓin kaurin reza biyu.

Akwai tarago na uku da ƙura ta tilasta mini yi. Ta cikin ƙarafan layin wuta ke zuwa wa injin, ƙura kaɗan ta kwanta jirgi ya tsaya. Na liƙa wa wani tarago guntun tsumma a ƙasa da ɗan nauyi a kai, yana tafiya yana sharewa. Duk wanda ya san yadda rairayi ke hawa kan dogo a wajenmu zai gane shi ma ba ado ba ne.

Ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai: muna yawan murnar ranar buɗe layi, ba mu cika tambayar wa zai riƙa auna shi ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai faɗin 1,435, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Layi irin wannan yana buƙatar masu awo da masu walda da masu kula da tsakuwa shekara da shekaru bayan 'yan kwangila sun tafi, kuma aikin masu difloma ne irinmu, 'yan kanikanci da sibil da lantarki da safiyo. Ni dai can na sa ido.

Teburin zai zauna a bayan wokshop har ƙarshen jarrabawa. Mai son gani ya zo bayan La'asar, amma don Allah kada a jingina da shi, milimita biyu ba wuya. Taragon ƙugiya ne ya rage, kuma ina neman ƙananan giya irin na cikin tsohon agogon bango. Wanda yake da mataccen agogo a gida ya taimaka ya kawo.