Sarkoidosis a Zuciya: Me Ya Sa Gwaji Ɗaya Ba Ya Isa?

Yau hirarmu kan cutar sarkoidosis ce, da yadda ake gano ta idan ta taɓa zuciya.

A wannan cuta, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su zama 'yan ƙananan ƙululu a cikin sassan jiki. Kusan mutum 9 cikin 10 a huhu take kama su. A zuciya kuwa, kimanin 5 cikin 100 ne ke nuna alama, amma binciken gawa ya sha gano ta a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wato da yawa tana nan, ba a sani ba.

Likita zai fara da tambaya: zuciyarka na bugawa fat-fat haka kawai? Ka taɓa suma? Numfashi na yi maka wuya? Sai a yi ECG da hoton zuciya na eko. Idan ɗan shekara 35 ya zo, ECG ya nuna lantarkin da ke sa zuciya bugawa yana tsaiko, kuma babu wani dalili, dole a tuna da sarkoidosis.

To, ga inda gizo ke saƙar. Cutar ba ta mamaye zuciya duka, nan da can take kamawa. Ko an tsinko ɗan naman zuciya an duba, kusan sau ɗaya cikin huɗu ake dacewa. Kamar ka ɗebi hatsi a bakin buhu ne, alhali ƙwarin suna can ƙasa. Don haka a ce "ba a ga komai ba" bai wanke zuciyar ba.

Shi ya sa ake dogara da MRI, mai nuna tabo, da PET, mai nuna kumburin da ke ci yanzu. PET ɗin nan akwai sharaɗi fa: kafin a yi, babu tuwo, babu shinkafa, babu burodi, sai nama da ƙwai da mai, sannan a shafe sa'o'i ba a ci komai ba. Wani irin sukari ake sa wa mutum a jijiya, ana so zuciya ta koma ƙona kitse, wurin kumburin kaɗai ya sha sukarin ya haska. Kofin shayi ɗaya mai sukari na iya ɓata gwajin.

A wajenmu akwai ƙari. Tarin fuka na kama da wannan cuta sosai, a hoton ƙirji har da ƙarƙashin madubin likita. Maganin sarkoidosis kuma yana rage ƙarfin garkuwa, saboda haka sai an tabbatar ba tibi ba ne kafin a fara shi.