Ko Kun Sani? 'Yar'uwar Karfasa a Akwatin Gilashi

Karfasar nan da masunta ke kamowa a madatsar ruwan Dadin Kowa, su kawo ta kasuwar Gombe, zuriya ɗaya ce, a ƙaulin masana halittu, da wani ɗan kifi mai ƙawa da ake kira kiribensis, wanda asalinsa ƙoramun kudancin Nijeriya ne, amma a yau ake kiwonsa cikin akwatunan gilashi har a gidajen Jamus da Amurka. Tamatarsa, idan lokacin ƙwai ya ƙarato, cikinta kan rine ja wur, ta shiga neman kogo, shi ya sa mai kiwo kan kifa mata 'yar tukunyar ƙasa mai ɓararren baki. Ita kuwa karfasa, ikon Allah, cikin bakinta take renon ƙwanta, tana azumi har su ƙyanƙyashe.