Zafin Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Yadda Ake Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan kasance yana tsakiyar buga kundin bincikensa ko tsara darasin gwajin koyarwa, sai kwamfuta ta ɗau zafi, fankarta ta shiga gurnani, can sai allo ya yi baƙi ƙirin. Duk abin da bai adana ba ya tafi ke nan. Akasari akan ɗauka na'urar ta lalace, alhali kuwa kare kanta ta yi.

1.1 Asalin Zafin

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta kai girman akwatin ashana ba, amma ita ce ke fitar da mafi yawan zafi. Don haka aka ɗora mata bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, fanka kuma ta hura shi waje. Tsakanin ƙwaƙwalwar da bututun akwai wani maiƙo mai kauri da ke sauƙaƙa wucewar zafi. Idan zafin ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ƙwaƙwalwar kan rage saurinta, shi ya sa aiki ke yin nauyi. In hakan bai wadatar ba, sai ta yanke wuta gaba ɗaya.

1.2 Binciken Matsala

A fara da mazaunin na'urar. Wasu na kiranta "kwamfutar cinya", sunan da a ganina ya yi ɓarna, domin cinya da katifa da filo duk suna toshe kafofin shan iska da ke ƙarƙashinta. Tebur mai tauri ya fi, musamman in an ɗan ɗaga bayanta.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi amfani da kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin watan Afrilu kan haura 40. Ga shi kuma bazara na zuwa ne bayan hunturu ya gama cusa ƙura cikin na'urar, ta dunƙule kamar auduga a bakin ƙarafan nan. Gane wannan ba wuya: a kara hannu a mafitar iska. Idan fanka na ƙara amma iska ba ta fitowa sosai, hanya ta toshe. Idan kuma jikin na'urar ya yi zafi ba a ji motsin fanka ko kaɗan ba, mai yiwuwa fankar ce ta mutu. Wajen share ƙura, a kashe na'urar, a cire caja, sannan a tokare fankar da tsinke kafin a hura iska, don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta.

Wani lokaci laifin na manhaja ne. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare kan buɗe jadawalin ayyukan da ke gudana, a ga wanda ke cinye ƙarfin ƙwaƙwalwa, a rufe shi.

Idan an yi duk wannan ba ta daina mutuwa ba, musamman tsohuwar kwamfuta da aka saya ta hannu, to wataƙila maiƙon nan ne ya bushe. Sauya shi aikin ƙwararren mai gyara ne. Haka nan idan aka ga jikin na'urar ya kumbura ko madannai sun taso, batir ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. A daina yi mata caji nan take. Kafin a miƙa ta ga mai gyara, malami ya kwafe sakamakon ɗalibansa da sauran takardunsa a wata ma'ajiya ta daban.