Garwa: Yadda ake haɗa walimar abin sha a gida a lokacin zafi

A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah na faɗowa ne a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura maki 40 a Garwa. A irin wannan yanayi, baƙon da ya shigo yawon Sallah abin da zai jiƙa maƙoshi yake fara nema kafin tuwo ko nama. Shi ya sa gidaje da dama ke ƙawata liyafarsu da kayan sha kala-kala, irin walimar da masu jin Faransanci ke kira koktel, sai dai ba a sa barasa.

Kala uku sun wadatar. Na farko zoɓo, wanda Fulanin yankin ke kira folere: a dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari bayan an sauke. Na biyu ruwan tsamiya da citta, don mai son ɗan yaji-yaji. Na uku mai riƙe ciki, wato fura da kindirmo. Yana da kyau a ware buta guda ba sukari saboda dattawa da masu ciwon suga.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya na ba da kofi huɗu matsakaita. Idan kowa zai sha kofi uku, baƙi 20 na bukatar lita 15, ban da ruwan sha.

Inda ake samun matsala shi ne ƙanƙara. Arewacin Kamaru ya sha fama da kwalara, musamman a 2010, kuma daskarewa ba ta tsarkake gurɓataccen ruwa. Ƙanƙarar da aka sayo a leda, a jera ta cikin kula a gefen robobi kawai. Wadda za ta shiga kofi kuwa, a yi ta a gida da tafasasshen ruwa. Wasu ma na daskarar da zoɓon kansa, don kada ya tsinke idan ta narke.

Lokaci ma abin lura ne. Zoɓo da tsamiya na kwana a firji lafiya, amma kunun aya da kayan nono cikin 'yan sa'o'i suke juyawa idan wuta ta ɗauke. A haɗa su ranar walimar, a riƙa fito da su kaɗan-kaɗan.

Wajen gabatarwa, ruwan sanyi da dabino ke fara zuwa. Sai kayan sha a faranti, tare da kilishi, tsire, cincin ko gasasshen kifin Lagdo da aka yanka ƙanana. A fara miƙa wa manya, da hannun dama, a kuma kai wa ɓangaren mata nasu butocin a lokaci guda. Shayi ke zuwa ƙarshe, bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi. Kafin nan kuma, a tabbata an aika wa maƙwabta nasu rabon, Musulmi da Kirista.