Fagen Gwaji na Wucin Gadi: Yadda Masu Rubuta Manhaja Ke Kafa Shi Su Rushe

1. Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wata dabara da masu rubuta manhajar kwamfuta suka samo, wadda ta ba kowannensu damar samun wurin gwada aikinsa duk sa'ad da ya bukata, ba sai ya jira wani ba. Manhaja, kamar yadda mai karatu ya sani, ita ce jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta yi wani aiki, alal misali lissafin albashi ko sayar da tikitin jirgi. Wurin da ake gwada ta kafin a sake ta ga jama'a shi ne za mu kira fagen gwaji. Za mu duba abin da ya sa tsohon fage ya kasa, da yadda ake kafa sabon, da wahalolin da suka rage. Tun da yake batun baƙo ne a Hausa, za mu riƙa bayyana kowace kalma a inda ta fara fitowa, domin malamin da ke son koyar da shi ya sami abin riƙewa.

2. Tsohon fage da ciwonsa

Manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar kwamfutar da za ta zauna a ciki, da rumbun bayanai inda take ajiye sunaye da lambobi, da waɗansu ƙananan manhajoji da ta dogara a kansu, da saituna masu yawa. Waɗannan duka a haɗe su ne fage. In ɗaya daga cikinsu ya bambanta, ko da kaɗan ne, halin manhajar na iya sakewa. Shi ya sa akan ji mai rubutu yana rantsuwa cewa a kwamfutarsa kome lafiya lau, alhali kuwa a ta abokin aikinsa abin ya ƙi.

Al'adar da aka daɗe a kanta ita ce kamfani ya kafa fage guda, kowa ya kawo aikinsa can. Wannan tsari yana da ciwo biyu. Na fari shi ne jira. In mutum goma suna aiki, fage kuwa ɗaya ne, lalle tara su dakata, ko kuwa su zuba ayyukansu tare, in abu ya lalace a rasa na wanda ya jawo. Na biyu ya fi muni, watau sauyin da ke shiga a ɓoye. Yau wannan ya gyara wani saiti da hannu, gobe wancan ya ƙara wani abu, ba wanda ya rubuta. Bayan shekara guda ba mai iya faɗin abin da ke cikin fagen, balle ya sake gina irinsa. Gwajin da aka yi a irin wannan wuri shaidarsa mai rauni ce, domin ba a san ko ya yi kama da inda manhajar za ta yi aikin gaske ba.

Akwai misali sananne na abin da saɓani tsakanin na'urori ke jawowa. Ran 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital, mai cinikin hannun jari a Amurka, ya fara aiki da wata sabuwar manhaja. An sa ta a kwamfutoci bakwai cikin takwas, aka tsallake ta takwas, ba kuwa wanda ya lura. Wannan guda ta farfaɗo da wani tsohon umurni da aka daɗe da dainawa, ta yi ta saye da sayarwa barkatai. Cikin kamar minti 45 kamfanin ya yi hasarar kimanin dala miliyan 440. Ko da yake wannan ya auku a fagen aikin gaske ne, ciwon ɗaya ne da wanda muka ambata: an shirya na'urori da hannu, aka ɗauka iri ɗaya ne, ashe ba haka ba.

3. Abubuwa uku da suka buɗe hanya

Na fari shi ne abin da ake kira gajimare. Kalmar aro ce ta ma'ana daga Turanci, kuma tana iya ruɗin mai koyo, don ba abin da ke sama. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci, waɗanda kamfanoni ke ba da hayarsu ta intanet. Ana kasa kwamfuta guda mai ƙarfi kashi kashi, kowane kashi ya riƙa aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Dabarar kasawar tsohuwa ce, kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960. Sabon abu shi ne hayar. A 2006 Amazon ya buɗe EC2, inda mutum zai ɗauki kwamfuta ya biya kuɗin awa, ya mayar in ya gama. A 2017 kuma aka fara lissafin da daƙiƙa. Da wannan, kwamfutar da a dā sai an yi oda an jira makonni ta zama abin samu cikin 'yan mintoci.

Na biyu shi ne kwantena. An ɗauko sunan daga akwatin ƙarfen nan da ake jigilar kaya a jirgin ruwa, wanda ke hawa kowace mota da kowane jirgi ba tare da an buɗe shi ba. Haka nan ake ƙunshe manhaja da dukan abin da ta dogara a kansa cikin ƙunshi guda, ta yi aiki iri ɗaya a duk inda aka kai ta. Docker, wanda ya fito a 2013, shi ya yaɗa wannan dabara. A 2014 Google ya fito da Kubernetes, wanda aikinsa shi ne rarraba kwantenoni masu yawa a kan kwamfutoci, da tā da wadda ta mutu.

Na uku, wanda a ganinmu shi ne ginshiƙi, shi ne rubutaccen fasali. Maimakon ma'aikaci ya shirya fage da hannu, sai ya rubuta bayaninsa filla filla: kwamfuta nawa, rumbun bayanai wane iri, wace ƙofa ce a buɗe, wace ce a rufe. Wata manhaja, kamar Terraform da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014, ita ke karanta bayanin ta gina abin da aka rubuta. Fasalin nan kuwa akan ajiye shi tare da manhajar a cikin Git, watau ma'ajin da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, wanda ke riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Ke nan sauyin ɓoye ba shi da ƙofar shiga, gama abin da ba a rubuta ba ba za a gina shi ba.

4. Yadda aikin ke tafiya

Bari mu bi mai rubutu guda, mu ce an sa shi ya gyara shafin biyan kuɗi na wani kanti.

(a) Zai fara da cire reshe, watau kofen manhajar da zai yi gyaransa a ciki ba tare da ya taɓa uwar ba.

(b) In ya gama, sai ya shigar da buƙatar a haɗe reshensa da uwa. Wannan buƙata ita ce ke tā da sauran aikin.

(c) Wata manhaja mai tsaro, irin su Jenkins ko GitHub Actions, za ta sami labari nan take. Sai ta ƙunshe reshen cikin kwantena, ta sa mata lambar da ke nuna daga wane gyara aka yi ta.

(d) Sai ta karanta rubutaccen fasali, ta keɓe wani sashe a gajimare, ta kafa rumbun bayanai sabo, ta zuba masa bayanan gwaji, ta tā da kwantenar, ta ba fagen adireshinsa na intanet.

(e) Sa'an nan a gudanar da gwaje-gwajen da aka riga aka rubuta, a liƙa sakamakon da adireshin a jikin buƙatar. Abokin aikin da zai duba gyaran, ko shugaban sashe wanda bai iya karatun manhaja ba, kowa na iya buɗe adireshin ya taɓa da hannunsa. Gani ya kori ji.

(f) In an karɓi gyaran, ko an ƙi shi, sai a rushe fagen ƙurmus.

Mai karatu zai lura ba inda hannun mutum ya shiga tsakanin (c) da (f) sai wajen dubawa. Kamfanin da ke son wannan tsari, sharaɗinsa na fari shi ne ya kai inda umurni guda zai gina fagen tun daga tushe. Muddin akwai mataki ɗaya da ke cikin kan wani ma'aikaci kaɗai, to, tsarin bai tsaya ba tukuna. Za a iya kwatanta tsohon fage da gidan gado wanda kowane zamani ya yi masa ƙari har ba a san asalin fasalinsa ba. Sabon kuwa kamar rumfar kasuwar mako ce, a kafa da safe, a kwashe da maraice, mako mai zuwa a sake kafa irinta.

5. Wahalolin da suka rage

Babbarsu ita ce ta bayanai. Fagen da rumbunsa wayam yake ba ya nuna kome, don kurakurai da yawa ba su bayyana sai an gamu da bayanan gaske masu karkata, kamar suna mai tsawo ainun, ko ranar 29 ga Fabrairu. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafo rumbun gaske, amma a cikinsa akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da asirin kuɗinsu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, da ta Nijeriya ta 2023, duka sun ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Don haka akan ɓad da sunayen kafin a kwafo, ko a ƙaga bayanan ƙarya masu kama da na gaske. Kalmomin sirri ma ba a rubuta su cikin fasali, akan ajiye su a wani ma'aji dabam, kuma na gwaji ba sa buɗe ƙofar fagen gaske.

Ta biyu ita ce ta kuɗi. Sauƙin ginawa yana jawo mantuwa. Mako guda awa 168 ne. In ma'aikaci yana aiki awa 40, fagen da aka bari a kunne yana cin kuɗin awa 128 ba mai amfani da shi, watau fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin ya tafi a banza. Maganin shi ne a sa wa kowane fage sunan mai shi da wa'adin mutuwarsa tun ran da aka kafa shi, a kuma sa wata manhaja ta riƙa zagawa tana share wanda wa'adinsa ya cika. Rushewa rabin aikin ce, wanda ya shirya ginawa bai shirya rushewa ba zai gane kurensa ran da takardar biya ta iso.

Ta uku ita ce iyakar kamanni. Fagen wucin gadi ƙarami ne, ba zai nuna abin da zai faru in mutum dubu ɗari suka shigo a lokaci guda ba. Har wa yau, akwai ƙofofin waje, kamar ta banki, waɗanda ba a iya ginawa a cikinsa, sai dai a sa wata 'yar manhaja ta kwaikwayi amsarsu. Saboda haka gwajin nauyi yana bukatar nasa shiri dabam, kuma kamfanoni da yawa suna riƙe da babban fage guda don dubawar ƙarshe, amma shi ma daga rubutaccen fasali ake gina shi.

6. Kammalawa

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da muka gani a nan shi ne gwajin kansa ba ya zama shaida sai an san wurin da aka yi shi. Amfanin fagen wucin gadi bai tsaya ga sauri ba. Tun da yake kullum ana rushe shi ana sake ginawa, dole bayaninsa ya kasance a rubuce, cikakke, kuma kowane gini gwaji ne ga bayanin kansa.

Game da kalmomi kuwa, mun karɓi gajimare da kwantena don sun riga sun shiga bakin mutane. Fagen gwaji, da reshe, da rubutaccen fasali shawara ce muka kawo. Muna roƙon malamai su gwada su a aji, su ga wadda ɗalibai suka kama da wadda ta ƙi zama, domin a gyara.